Tambayoyi da Amsoshi Kan Sharhin Fim, Tafiyar Labari da Mayar da Littafi Fim

Duk lokacin da aka ce za a mayar da wani littafi da jama'a suka ƙaunata fim, muhawara kan tashi tun kafin a ɗora kyamara, kuma ba ta lafawa sai fim ɗin ya tsufa. Tambayoyin da ke ƙasa su ne suka fi yawan fitowa daga bakin ɗalibai da marubuta da masu kallon da ke son su wuce matsayin cewa "ya yi kyau" ko "bai yi kyau ba". Na amsa su gwargwadon abin da na fahimta daga karatu da kallo, kuma inda nake da ra'ayi na faɗe shi a fili.

Me ya sa wanda ya karanta littafi yakan tashi daga kallo yana cewa an ɓata labarin?

Dalili na farko lissafi ne tsagwaronsa. A al'adar marubutan fim, shafi ɗaya na rubutu yakan ci kimanin minti ɗaya a allo, saboda haka fim mai awa biyu bai cika wuce shafi 120 ba, kuma shafukan nan fili ya fi rubutu yawa a cikinsu. Ƙagaggen labari mai kalmomi dubu 100 kuwa, idan mutum ya zauna ya karanta shi a bayyane kamar yadda ake karanta littattafai a gidajen rediyo, zai cinye awa goma ko fiye. Ke nan duk wanda ya ɗauki irin wannan littafi zai juya shi, ya san tun farko cewa mafi yawansa ba zai shiga ba, komai son da yake yi masa.

Dalili na biyu ya fi zurfi. Mai karatu ya riga ya shirya nasa fim ɗin a cikin kansa tun ranar da ya buɗe shafin farko: shi ya zaɓi fuskar jarumar, shi ya auna faɗin tsakar gidan, shi ya sa wa kishiyar irin muryar da ya ga ta dace da ita. Idan darakta ya zo da tasa fuskar da nasa tsakar gidan, abin da yake karo da shi shi ne wancan fim da mai karatu ya daɗe yana riƙe da shi, wanda babu kuɗin da za a kashe a yi kamarsa. Mai sharhi na gaskiya yana jin wannan zafin kamar kowa, amma ya san cewa zafin nasa ne, kuma ba ya rubuta shi a matsayin laifin darakta sai ya bincika.

Idan ba za a auna fim da yadda ya bi littafi sau da ƙafa ba, da me za a auna shi?

Da amanar littafin. Kowane labari mai rai yana da wani abu guda da marubucin ya ɗauki alƙalami dominsa, wanda masu nazarin adabi ke kira jigo, sauran abubuwa kuma hanyoyi ne da ya bi ya isar da shi. Tambayar da ta kamata ita ce ko fim ɗin ya isar da wancan abu da kayan aikinsa, wato hoto da sauti da fuskar ɗan wasa da lokaci, ko kuwa ya kwaso sunaye da aukuwa ya bar ruhin a baya.

Misalin da nake yawan kawowa shi ne The Godfather, wanda Mario Puzo ya wallafa a 1969, Francis Ford Coppola kuma ya mayar da shi fim a 1972 tare da shi marubucin a wajen rubutu. An zubar da babi-babi na labarin wani mawaƙi mai suna Johnny Fontane da na wata mace mai suna Lucy Mancini, an kuma ajiye tarihin ƙuruciyar Vito, shugaban gidan masu aikata laifi da labarin ya ginu a kansa, sai a fim na biyu na 1974. Har ƙarshen ma an sauya. Littafin ya rufe da Kay, matar Michael ɗan Vito wanda ya gaji mahaifinsa, tana coci tana yi wa ran mijinta addu'a. Fim ɗin kuwa ya rufe da ita tana tsaye daga nesa tana hangen mutane suna sumbatar hannun mijinta, sai wani ya taso a hankali ya tura ƙofa ya rufe a kan fuskarta. Babu kalma ɗaya da aka furta mata, amma duk abin da littafin ya yi ɗaruruwan shafuka yana ginawa, wato yadda mutum mai tsabta ya rikiɗe ya zama abin da ya tsana kuma ya yi asarar iyalinsa a hanya, yana cikin wannan rufe ƙofar. Wanda ya zauna yana ƙidaya babin da aka cire zai ce an ci amanar littafi. Ni a wurina an riƙe ta fiye da yadda kwafi zai riƙe.

Mene ne ake nufi da tafiyar fim, kuma da me ake gane ta yi kyau ko ta lalace?

Tafiyar fim ita ce yadda labari ke raba lokacin mai kallo: inda ya tsaya, inda ya yi sauri, abin da ya ba minti biyar da abin da ya ba sakan biyar. Mutane da yawa suna ɗauka tsawon fim ne ke kawo gundura, alhali akwai fim mai awa uku da mutum zai tashi yana jin kamar yanzu ya zauna, akwai kuma mai minti tamanin da zai sa ka duba agogo sau goma. Abin da ke raba su shi ne sauyi. Kowace fitowa, wadda 'yan fim ke kira sin, ya kamata a shige ta da wani hali a fito da wani daban: wani ya san abin da bai sani ba, wani ya yanke shawara, wata alaƙa ta ƙara ƙarfi ko ta tsage. Idan aka fito daga fitowa komai yana nan yadda yake, to an ci lokacin mai kallo a banza, ko da an yi ihu da gudu da mari a cikinta.

Ga abin da duk mai kallon finafinanmu ya sani. Mota ta taho ta tsaya a bakin get, direba ya danna hon, maigadi ya leƙo ta ƙaramar ƙofa, ya koma ya zare sakata, ya ja ɓangare ɗaya, ya dawo ya ja ɗaya ɓangaren, motar ta shiga ta daidaita a rumfa, Alhaji ya fito ya gyara babbar riga, ya taka har ƙofar falo, ya yi sallama, aka amsa, ya zauna, aka kawo ruwa da lemo a faranti, aka tambayi hanya da gajiya da mutanen gida. Na taɓa sa agogo a kan irin wannan fitowa a wani fim, na samu an yi minti uku da 'yan kai kafin a faɗi kalmar farko da ta shafi labarin. Gaisuwa ɗabi'armu ce, kuma fim ɗin Hausa da babu gaisuwa a cikinsa zai zama baƙo. Amma gaisuwa tana iya ɗaukar labari a bayanta. Idan Hajiya ta amsa sallamar mijinta ba tare da ta ɗago kai ba, ko ta aiko 'yar aiki da ruwan maimakon ta kawo da kanta kamar yadda aka nuna ta saba, mai kallo ya riga ya san akwai wata a ƙasa tun kafin a buɗe baki. Minti ukun nan ɗaya ne, sai dai na farko fanko ne, na biyu kuma cike yake.

Hanya mafi sauƙi ta gwadawa ita ce ka cire fitowar a zuciyarka ka ga ko wani abu zai ɓace daga labarin. Idan babu abin da ya ɓace, ka samu wurin da tafiyar ta yi rauni, kuma kana da hujjar da za ka rubuta.

Shin fim mai tafiyar hawainiya ko da yaushe aibi ne?

A'a, kuma wannan kuskure ne da ke ƙara yaɗuwa tun da idanu suka saba da gajerun bidiyoyin waya. Akwai nawa da ke ginawa, akwai kuma nawa da ke kashewa.

Shaihu Umar ya ishe mu misali. Abubakar Tafawa Balewa ya rubuta shi a gasar ƙagaggun labarai ta 1933, aka buga a 1934, kuma ɗan ƙaramin littafi ne da mutum zai iya gamawa a zama ɗaya. Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar da shi wasan kwaikwayo, sannan Adamu Halilu ya yi fim ɗinsa a 1976, wanda ya haura awa biyu. Fim ɗin ya daɗe ba a ganinsa, sai da aka gano faifansa a ma'ajiyar hukumar finafinai ta ƙasa, aka gyara shi a Jamus aka nuna a bikin finafinai na Berlin a 2018. Labarin na malami ne da ke ba almajiransa tarihin rayuwarsa: yadda aka sace shi yana yaro, yadda ya faɗa hannun wani Balarabe mai suna Abdulkarim ya ƙetare sahara, da yadda mahaifiyarsa ta fita nemansa ita ma ta faɗa cikin bauta, ba su haɗu ba sai tana gab da barin duniya. A takarda, marubuci zai iya cewa ayari ya yi watanni yana tafiya a cikin jimla ɗaya, mai karatu kuma ya cika sauran da tunaninsa. A allo kuwa, in ana so mai kallo ya ji nisan da ke tsakanin uwa da ɗanta a jikinsa, sai an bar shi ya zauna da rairayi da raƙuma na ɗan lokaci. Wanda ya yanke wannan don a yi sauri ya yanke ma'anar rabuwar.

Shahararren darakta Alfred Hitchcock ya taɓa bayyana wannan da misalin mutum biyu da ke hira a teburi. Idan bam ya tashi ba zato, mai kallo zai firgita na sakan kaɗan. Idan kuwa an nuna masa bam ɗin a ƙarƙashin teburin tun farko, an kuma nuna masa agogo, to hirar banza ta minti goma sha biyar za ta zama abin da ba zai iya ɗauke ido daga kai ba. Saboda haka kafin mai sharhi ya rubuta cewa fim yana da nawa, ya tambayi kansa ko an ba shi abin da zai jira. Idan an ba shi, wannan jan rai ne. Idan ba a ba shi ba, jan lokaci ne.

Wa ke da alhakin tafiyar fim: marubuci, darakta ko edita?

Dukkansu, amma kowa da wurin da hannunsa ya fi bayyana, kuma sharhi mai kyau yana ƙoƙarin ɗora wa kowa nasa kayan. Idan matsalar ita ce an kai rabin fim ba a san abin da jarumi ke nema ba, ko kuma an warware rikicin tun da saura minti arba'in, wannan daga rubutu ne, kuma babu gwanintar da za ta gyara shi daga baya. Idan 'yan wasa suna jiran juna su gama magana kamar masu karatun allo, kowa yana faɗin nasa da sauti iri ɗaya, wannan na darakta ne. Idan kuwa ana shiga fitowa da wuri ana fita a makare, ana barin hoto a kan fuska bayan ta gama faɗin abin da za ta faɗa, to a nemi edita.

Walter Murch, ɗaya daga cikin editocin da aka fi girmamawa a Amurka, ya jera abubuwa shida da yake dubawa kafin ya yanka hoto, kuma ya ba motsin zuciyar mai kallo kashi 51 cikin ɗari, labari kashi 23, kari ko bugun tafiyar kashi 10, sauran ukun da suka shafi daidaiton ido da wuri suka raba ragowar. Ma'anarsa ita ce ana yanka hoto ne a daidai lokacin da zuciyar mai kallo ta shirya matsawa gaba. Yana da kyau a san kuma cewa ma'aunin yana sauyawa da zamani: a finafinan Amurka na shekarun 1930 hoto ɗaya yakan kai kimanin sakan goma kafin a yanka, a na yanzu kuwa bai cika kai sakan biyar ba. Bai dace a yi wa tsohon fim hukunci da agogon yau ba.

Yaya fim zai nuna abin da ke cikin zuciyar tauraro, alhali a nan littafi ya fi ƙarfi?

Wannan ita ce matsala mafi wuya a duk aikin juya littafi. Marubuci yana iya shiga ƙirjin amarya ya yi shafi uku yana faɗin abin da take ji a daren da aka kai ta, kyamara kuwa a waje take tsayawa. Hanya mafi arha ita ce a sa muryar tauraron tana zancen zuci a bayan hoto, kuma finafinanmu sun dogara da ita sosai: mace ta zauna a bakin gado ta yi tagumi, muryarta tana bayyana mana cewa tana cikin damuwa, abin da tagumin ya riga ya faɗa.

Manyan masana'antu ma sun faɗa wannan rami. Littafin Dune na Frank Herbert, wanda ya fito a 1965, cike yake da tunanin taurari, kuma da David Lynch ya yi fim ɗinsa a 1984 sai ya sa ana jin raɗar zukatansu kusan a ko'ina, abin da ya sa fim ɗin ya yi nauyi ba tare da ya ƙara haske ba. Da Denis Villeneuve ya sake yin sa a 2021, ya rage wannan ƙwarai ya bar kallo da shiru da motsin hannu su yi aikin. Ba ina cewa zancen zuci haramun ne ba. Yana da amfani idan abin da muryar ke faɗa ya saɓa wa abin da ido ke gani, kamar mutumin da ke yi wa surukinsa murmushi alhali zuciyarsa na lissafin bashi. Inda murya da hoto suka faɗi abu ɗaya, ɗayansu ya zama kaya.

Raba littafi ɗaya zuwa finafinai da yawa ko fim mai dogon zango yana magance matsalar yankewa?

Yana magance ta idan littafin ne ya buƙaci filin, yana kuma haifar da wadda ta fi ta muni idan kasuwa ce ta buƙata. Darakta Peter Jackson ya ɗauki littafin The Lord of the Rings na J.R.R. Tolkien, mai shafuka sama da dubu, ya yi finafinai uku da suka haura awa tara gaba ɗaya, kuma duk da haka sai da ya zubar da abubuwa. Bayan shekaru ya ɗauki The Hobbit, littafin yara na shi Tolkien ɗin mai kimanin shafi 300, ya shimfiɗa shi a finafinai uku tsakanin 2012 da 2014, kusan awa takwas. Don a cike wannan fili sai da aka ƙirƙiro taurari da soyayya da yaƙe-yaƙen da marubucin bai rubuta ba ko ya ambata a taƙaice, har ƙaramin tauraron da aka sa wa littafin sunansa ya riƙa ɓacewa a cikin labarinsa. Darakta ɗaya ne, marubuci ɗaya ne, bambancin kawai shi ne a karon farko labari ya fi fili yawa, a karo na biyu fili ya fi labari.

Wannan darasi ya shafe mu kai tsaye yanzu da finafinai masu dogon zango suka mamaye YouTube da tashoshin talabijin, kuma da yawansu daga littattafan marubutan intanet ake ciro su. Tun da kuɗin shiga ya danganta da yawan makonnin da aka yi ana kallo, jarabawar jan labari tana da ƙarfi. Alamominta sanannu ne: waiwaye da ke maimaita abin da aka gani makon jiya, mutum uku suna ba juna labarin abin da mai kallo ya riga ya gani da idonsa, da sirrin da kalma ɗaya za ta warware amma aka hana kowa furta ta har zango ya ƙare. Mai sharhi yana yi wa masana'antar hidima idan ya nuna waɗannan da lambar fitowa da minti.

Darakta yana da ikon ƙara abin da babu shi a littafi?

Yana da shi, da sharaɗin ƙarin ya yi wa jigon aiki. Masu kallon finafinan Indiya a ƙasar Hausa sun san Devdas, kuma labarin ya dace da wannan tambaya domin an yi fim ɗinsa sau da yawa. Sarat Chandra Chattopadhyay ya wallafa shi da harshen Bengali a 1917, gajeren labari ne na saurayin da ya kasa tsayawa a gaban iyayensa don yarinyar da yake so, ya hallaka kansa da giya, ya je ya mutu a ƙofar gidan mijinta. Bimal Roy ya yi shi a 1955 da Dilip Kumar, cikin hoto marar launi da natsuwa da talaucin da ya dace da mutumin da ke lalacewa. Sanjay Leela Bhansali ya sake yin sa a 2002 da Shah Rukh Khan, a cikin gidaje kamar fadar sarakuna, ya kuma haɗa matan labarin biyu, Paro yarinyar da saurayin yake so da Chandramukhi mai rawar da ta kamu da sonsa, suka ƙulla ƙawance har suka yi rawa tare, alhali a littafin ba su taɓa zama wuri ɗaya ba.

Ra'ayina a nan ya rabu biyu. Haɗa matan ƙari ne mai ma'ana, domin ya ba su murya a labarin da namiji ya mamaye, ya kuma nuna cewa su biyun abu ɗaya ya cuce su. Ƙawar da aka lulluɓe fim ɗin da ita kuwa ta rage masa zafi, saboda yana da wuya ka ji tausayin mai lalacewa idan kowane hoto na lalacewarsa ya yi kyau kamar katin biki. Mai sharhi yana iya karɓar ƙari ɗaya ya ƙi ɗaya a fim guda, in dai ya faɗi dalilinsa.

Haka batun waƙa yake a finafinanmu. Waƙar da ta ɗauki masoya daga haɗuwar farko ta kai su ga shaƙuwa a cikin minti huɗu ta yi aikin babi uku na littafi. Wadda aka dasa a tsakiyar rikici, aka tsayar da labari cak har ta ƙare, ta karya tafiyar ko da muryar mawaƙin ta kai zuma daɗi.

Wane irin yankewa ne ke zama cin amana?

Wanda ya taɓa idon da ake kallon labarin da shi. Littafin Chimamanda Ngozi Adichie na 2006, Half of a Yellow Sun, yana ba da labarin yaƙin basasar Nijeriya ta idanun mutum uku, kuma mafi muhimmancinsu shi ne Ugwu, yaron gida ɗan ƙauye wanda ya shigo bai san komai ba, yaƙi ya haɗiye shi, daga ƙarshe aka gane shi ne mai rubuta tarihin. Da Biyi Bandele ya yi fim ɗin a 2013, ya miƙar da zaren lokaci wanda littafin ke kai da komowa a cikinsa, ya kuma mayar da hankali kan soyayyar Olanna da Odenigbo, ubangidan Ugwu, shi kuma Ugwu ya koma gefe. Miƙar da lokaci zaɓi ne da za a iya karewa. Ture Ugwu kuwa ya sauya maganar littafin gaba ɗaya, domin tambayar wa ke da haƙƙin ba da labarin yaƙi a kansa aka gina ta. An cire shafuka kaɗan ne idan aka kwatanta da abin da aka cire daga The Godfather, amma an cire su daga ginshiƙi.

Idan marubucin littafin ne ya shirya fim ɗin da kansa, ba shi ke nan an huta ba?

Ba lallai ba ne. Finafinan bidiyo na Hausa sun tashi ne kafaɗa da kafaɗa da littattafan soyayya na Kano, kuma marubuta da dama sun shiga harkar da ƙafarsu. Ado Ahmad Gidan Dabino ya mayar da littafinsa In Da So Da Ƙauna fim a 1994, kuma kafin shekarun 1990 su ƙare an yi finafinai daga littattafan Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Funtuwa. A Senegal, Sembène Ousmane ya fara ne da rubutun littafi da Faransanci, ya koma fim saboda ya ga mutanen da yake rubutu dominsu mafi yawansu ba za su iya karanta shi ba, ya kuma juya littafinsa ya zama fim ɗin Mandabi da harshen Wolof a 1968.

Amfanin marubuci shi ne ya san zuciyar labarinsa fiye da kowa. Haɗarinsa kuma shi ne kowace jimla ɗiyarsa ce, yana jin ciwon yanke ta, sai ka ga taurari suna karanto dogayen maganganun da suka yi daɗi a takarda amma suka yi nauyi a baki. Marubucin da ya yi nasara a fim shi ne wanda ya yarda ya koyi sana'a ta biyu daga tushe, kamar yadda Sembène ya tafi Mosko ya koyi aikin fim yana da shekara kusan arba'in.

Wajibi ne mai sharhi ya karanta littafin kafin ya yi magana?

Idan zai yi magana a kan fim ɗin kawai, ba wajibi ba ne, domin mafi yawan masu kallo ma ba su karanta ba, kuma fim ɗin da ba a fahimtarsa sai da littafi a hannu ya gaza. Idan kuwa zai ce an ɓata littafi ko an gyara shi, to dole ya karanta, kuma ya karanta kwanan nan, kada ya dogara da abin da ya rage masa tun yana makarantar sakandare. Wanda bai karanta ba ya faɗi haka a farkon sharhinsa.

Yaya zan fara rubuta sharhin da zai amfani mai karatu da mai shirya fim?

Ka kalli fim ɗin sau biyu. A karon farko ka zauna kamar kowa, ba takarda ba biro, ka bar shi ya yi maka abin da zai yi, sannan da ka tashi ka rubuta wuraren da ka ji hankalinka ya tafi wani wuri da wuraren da ka manta da kanka. A karo na biyu ka riƙe biro da agogo, ka koma waɗannan wurare ka nemo dalili: a minti na nawa aka bayyana abin da jarumi ke nema, fitowa nawa aka yi a falo ɗaya ana maimaita magana ɗaya, wace fitowa ce ta littafi aka haɗe da wata kuma me aka samu ko aka rasa da haɗewar. Jin da ka yi a kallon farko shi ne shaidarka, abin da ka gano a na biyu kuma shi ne hujjarka, kuma sharhi yana buƙatar duka biyun.

Wajen rubutu, ka taƙaita labarin a sakin layi ɗaya, kada ka tona ƙarshensa sai ka yi gargaɗi tukuna. Ka auna fim ɗin da abin da ya yi niyyar zama da kuma ƙarfin aljihun da aka yi shi da shi, domin ba adalci ba ne a tuhumi wanda ya ɗauki fim a kwana goma da kyamara ɗaya kan rashin abin da sai da biliyoyi ake samunsa, amma adalci ne a tuhume shi kan fitowar get da maigadi, tun da yanke ta ba ya cin ko sisi. Ka yi magana a kan aikin, ka bar rayuwar ɗan wasa da iyalinsa. Idan ka ce tsakiyar fim ɗin ta yi sanyi, ka faɗi daga minti na nawa zuwa na nawa, ka kuma faɗi fitowar da kake ganin da an cire ta ko an matso da ita gaba da labarin ya miƙe, yadda editan da ya karanta zai iya buɗe kwamfutarsa ya duba ko gaskiya ka faɗa.